Ragon Marubuta: Shekara Arba'in Bayan Inna

Da kakar bana Inna ta cika shekara arba'in a ƙasa. Uwar mijina ce, kuma har ta bar duniya ban taɓa kama sunanta ba, ba kuwa a jarida zan fara ba. Dattawan Roni sun san wadda nake nufi: tsohuwar nan mai man gyaɗa da ƙuliƙuli ta bayan kasuwa. Yau na girme ta da 'yan shekaru, na ga jikoki, na ga mutane iri-iri, amma duk sanda na zauna na tuna abin da matar nan ta yi, mamakinta sabo yake dawo mini.

Mijinta ya rasu wajen lokacin da aka sami mulkin kai, ya bar mata 'ya'ya da gona ɗaya. Da gyaɗa ta riƙe su. Ba ta yi boko ba, karatunta na allo ne, daidai abin salla. Sai dai Allah ya ba ta kunne. Shekarar da gyaɗa ta fara yi mata albarka, rediyo ta fara saya kafin ta sayi gado. Idan aka sa rubutacciyar waƙa, takan ɗaga hannu, matan da ke taya ta aiki su ajiye taɓare, ba mai motsi sai an kai baitin ƙarshe.

Ni 'yar Kazaure ce. Na gama makarantar horon malamai, na auri ɗanta wanda yake malamin gona, aka turo ni koyarwa a firamaren Roni. Ina rubuta waƙa tun ina ɗaliba, amma ban ɗauke ta wani abu ba. A shekarun farin nan da aka yi, na rubuta wata a kan garken shanun da suka riƙa gangarowa daga arewa, ƙashin haƙarƙarinsu a waje, da matan makiyaya da ke biye da su ɗauke da ƙoren da ba nono a ciki. Bayan fari ya wuce, kuɗin mai ya fara shigowa, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, gari ya cika da sababbin babura. Namu ƙarin a rufin kwano da makarantar ƙannen maigida ya ƙare.

A wannan tsakanin ne aka yi sanarwa a rediyo cewa za a yi taron marubuta da masu waƙa a Zariya, duk mai rubutu ya aika. Na aika waƙar shanun ba tare da na sa rai ba. Sai ga amsa, wai in zo in rera ta da bakina. Amma kuɗin mota da masauki da abinci duk a kan mai zuwa suke. Ga shi ina goyon ɗana na biyu, Sani, ko zama bai fara ba. Maigida ya ce da akwai hali da bai hana ni ba, na kuma san gaskiya ya faɗa. Na haƙura.

Kwana biyu bayan haka Inna ta aiko a kira ni. Na same ta tana murza ƙuli, na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, "Malama, na ji an ce an kira ki Zariya."

Na ce, "Haka ne, Inna, amma ba zuwa za a yi ba."

"Mijin naki ne ya hana?"

"A'a, bai hana ba. Hali ne babu. Ga kuma goyo."

Ta ce, "To, faɗa mini abin da kika aika musu in ji."

Wanda ya san kunyar da ke tsakanin mace da uwar mijinta a wancan zamani zai gane nauyin wannan magana. Kaina a ƙasa na rera mata. Da na gama ta ajiye ƙulin da take murzawa. Can ta ce, "Shanun nan ta ƙofar gidan nan suka wuce. Na gan su da idona, har na ba matan ruwa. Ban san ana iya faɗarsu haka ba."

Tana da wani rago fari da ta shekara tana kiwo domin layya, dusa da harawa ba ta taɓa yanke masa ba. Ranar kasuwa ta sa aka ɗora shi a mota zuwa Babura, inda ƙanenta yake dillancin dabbobi. Ba ta yi shawara da kowa ba. Da yamma ta kira ɗanta ta ce masa, "Matarka za ta Zariya. Ni zan raka ta, in riƙe mata mijina." Haka take kiran Sani, irin wasan kaka da jika. A wannan shekara 'yar tunkiya ta yanka ta yi layya, kuma matan unguwa ba su bar maganar ta wuce ba. Har gida wata ta zo ta tambaye ta ko gaskiya ne ta sayar da ragon Salla domin suruka ta je ta yi waƙa a gaban maza. Inna ta ce gaskiya ne, ta miƙa mata ƙuli.

Matar da ba ta taɓa wuce Kano ba, ita ce ta shige gaba a tasha, ta yi cinikin mota, ta zaɓa mana wurin zama. Ta ɗaure dambu da ƙuli da garin kunu a ƙwarya. A Zariya aka sauke mu a ɗakin kwanan ɗalibai mata da suka tafi hutu. Ta dubi gadon ƙarfen, ta ce ita tabarmarta ta ishe ta.

Zauren taron ya cika da manyan malamai da manyan riguna, mata ba mu fi a ƙirga da yatsu ba. Inna ta shimfiɗa tabarma a gindin wata bishiya daura da taga. Idan Sani ya nemi nono sai ta taso ta tsaya inda zan hango ta, in fita in shayar da shi in koma. Haka muka yi ta yi. Ban taɓa jin ta ce ta gaji ba.

Ranar da aka kira sunana, na hau na tsaya, na dubi fuskokin nan, sai baitin farko ya ɓace mini. Takardar tana hannuna amma idona ba ya ganin rubutun. Na ji wani ya yi gyaran murya, wani ya duba agogo. Sai na ga ƙofar baya ta buɗe. Inna ce, da zanen saƙinta, da Sani a bayanta, ta shigo ta tsaya a bayan kujeru. Ba ta yi mini alama ba, ba ta yi murmushi ba. Ta dai ɗaga hannu ɗaya, yadda take yi wa masu daka idan an sa waƙa a rediyo. Na daina ganin kowa a zauren sai ita, na rera mata kamar muna tsakar gidanta. Da na sauko wani dattijo mai furfura ya tare ni ya ce kada in kuskura in daina rubutu. Ban daina ba har yau.

Amma abin da ya fi girma a tafiyar nan ba a zauren ya faru ba. Zamanta a gindin bishiya, Inna ta lura da wani saurayi da ba ya bin mutane idan an tashi cin abinci, sai ya zagaya bayan gini ya sha ruwan famfo. Ta kira shi ta zuba masa dambu. Da ta ji harshensa ta ce, "Kai ɗan wajenmu ne." Bello sunansa, ɗan makiyaya daga ƙasar Gwiwa, malamin firamare kamar ni. Kekensa ya sayar ya zo, a masallaci yake kwana. Ta tambaye shi ko shi kaɗai ne mai irin wannan rubutu a wajensu. Ya ce, "Inna, akwai biyu da suka fi ni. Su ba su da keken sayarwa."

Muka kamo hanyar gida a mota har muka wuce Kano. Sannan ta ce, kamar da kanta take, "Ashe waɗanda suka fi iyawa suna gida."

Daga wannan shekara raguna biyu take ɗaurewa, ɗaya na layya, ɗaya kuma yara suka sa masa suna ragon marubuta. Duk sanda aka ji za a yi taro, a Kano ne ko Zariya ko Kaduna, sai a kai shi Babura. Bello ne yake kawo mata labarin masu rubutu daga Gwiwa, ni ina kawo na Kazaure da Roni, ƙanenta yana jiyo na Babura a bakin 'yan kasuwa. Sharaɗinta biyu ne. Kafin ka tafi ka zo ka karanta mata abin da za ka kai. Idan ka dawo, kafin ka je gidanku, ka biyo ka ba ta labarin abin da aka ce, da wanda ya fi ka, da abin da ya sa ya fi ka. Ba ta gyara wa kowa rubutu. Idan abu ya shige ta takan ce a maimaita, idan bai shige ta ba takan ce Allah ya ƙara basira, mai rubutun kuma ya gane.

Wata shekara na kawo mata Rahila, 'yar wani kafinta Kirista da ya zo daga ƙasar Filato ya zauna a Kazaure. A nan aka haife ta, da Hausa take rubuta gajerun labarai. Inna ta sa ta maimaita wani labari har sau biyu, ta ce Rahila ce za ta tafi. Wani dattijon dangi ya zo ya ce mata, "Ga 'ya'yanmu suna jira, ki tsallake su?" Ta ce, "Yaya, da Hausa yarinyar ta karanta, na ji, na gane, ya kuma taɓa ni. Ragon kuwa ni na ba shi dusa." Rahila ta tafi, ta dawo ta durƙusa a tsakar gida ta ba da labari kamar kowa.

Nakan tambayi kaina me Inna za ta ce da ta ga yau. Kwanan baya jikata ta sami tallafin zuwa wani taron marubuta a Abuja. A waya ta nema, a waya aka amsa, aka biya mata mota da otal, ba ta taɓa ganin fuskar waɗanda suka zaɓe ta ba. Na san Inna za ta yi murna, domin ita burinta a je ne. Za ta yi mamakin yadda yarinya a Roni take karanta waƙa yau, gobe wani a Makka ya ji. Amma na san za ta yi tambayoyinta. Mai goyo fa, wa zai riƙe mata? Wanda yake zaune a rugar da waya ba ta kamawa, wa zai gaya masa an buɗe neman tallafi? Wanda Turancinsa bai kai ya cika takardar nema ba, alhali idan ya buɗe baki da Hausa ko Fulatanci sai tsigar jiki ta tashi, shi kuma ina za a sa shi? Masu ba da tallafi suna ƙoƙari, Allah ya saka musu. Sai dai mafi yawansu jira suke a zo a same su. Ita aikawa take a nemo.

Ba zan ce duk wanda ragon nan ya kai taro ya shahara ba. Wasu sun buga littattafai, wani ya yi aikin rediyo har ya yi ritaya, Rahila ta koyar da Hausa shekaru masu yawa. Wasu kuwa hidimar iyali ta cinye su, suka ajiye alƙalami. Babu wani littafi da ke ɗauke da sunan Inna, ko hotonta ba mu da shi, domin ba ta yarda a ɗauke ta. Abin da ya rage nata yana cikin mutane ne: duk cikinmu ba wanda ya taɓa ganin yaro mai rubutu ya wuce shi bai tsaya ba, domin an taɓa tsayawa a kanmu.

A lokacin kaka Inna ta rasu, bayan gajeriyar jinya, gero ya nuna a gonarta ba a kai ga girbewa ba. Ranar sadakar uku waɗanda ragonta ya kai taro suka zo, daga Gwiwa, daga Babura, daga Kazaure, wasu daga Kano da motocinsu. Na ɗauka wani zai ce ya rubuta mata marsiyya. Ba wanda ya fito da takarda. Bayan an shafa addu'a, Bello, wanda a lokacin ya zama hedimasta, ya tambayi maigidana inda gonar take. Suka tuɓe manyan riguna suka rataye a kan darni, suka ari magirbi a maƙwabta. Mutanen da hannunsu ya saba da alli da biro suka wuni suna yankan gero, tafin hannunsu ya ɗuri ruwa, ba wanda ya zauna. Rahila tana cikinmu mu mata, muna kai musu ruwa da kunu. Kafin magariba sun ɗaure dammunan sun zuba a rumbu.

Da za su tafi Bello ya tsaya a bakin ƙofa, rigarsa a kafaɗa, ya dubi wurin da take zama. Ya ce mini, "Malama, duk abin da na rubuta tun daga Zariya, da kunnenta nake auna shi." Ya juya bai jira amsa ba.

Allah ya jiƙan Inna, ya sa aljanna ce makomarta, ya haɗa mu da ita a inda ba a rabuwa.