Zuwa Doguwa Ɗauko Sale

BEBEJI

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na fita, wata Talata cikin damina. Inna tana kwance ba lafiya, ta kama hannuna ta ce, "Ka taho mini da shi, Habu."

Sale ƙanena ne. Karatu ya kai shi Amurka, sai ya ajiye ya kama waƙar rap, wadda ake zubo magana a kan kiɗa kamar gambara. Da rana wankin kwanuka a gidan abinci, ƙarshen mako waƙa. Shekara tara yana can. Ya fitar da kaset ɗaya, ya yi aure, ya sami 'ya mace. Da takardun zamansa suka ƙare aka sako shi a jirgi daga shi sai kayan jikinsa. Wata biyu ya yi a gida mutane suna nuna shi da baki, sai ya gudu gonar Kawu Buba a bayan Doguwa. A aljihuna akwai wasiƙar matarsa da ta zo ta adireshina, ban buɗe ba.

KWANAR DANGORA

Akori-kura mai ɗauke da taki ce ta bi da mu ta Ƙofa, ta sauke mu ƙarfe bakwai da kwata. Na sha shayi da burodi, na shiga Fijo. A Tudun Wada muka yi awa biyu ana jiran wasu motoci.

"Direba, yaushe za mu tashi?"

"Malam, ba na shiga dajin Falgore ni kaɗai. Sai mun zama mota uku."

A bakin dajin soja ya leƙo ya duba jakata, ya ga dambun nama, ya ɗaga mana hannu.

DOGUWA

Ƙarfe ɗaya muka isa, babur ya ƙarasa da ni cikin taɓo. Matar Kawu ta dama mini fura da nono, ta nuna mini gona. Na tarar da Sale yana yi wa masara huɗa. Ya rame ƙwarai.

"Yaya, lafiya?"

Na miƙa masa wasiƙar. Ya karanta a tsaye, ya zauna a kan kunyar masara.

"Ta yi aure. An canza wa yarinyar suna. Wai kada in sake rubutowa, ina rikita ta."

Na tambaye shi ko yana waƙa har yanzu.

"Wa zan yi wa? A can sun ce bakina na Afirka ne, ba zai sayu ba. A nan an ce na zama ɗan iska. Jiya na nemi baiti guda na waƙata, wallahi ya ɓace mini."

Na gaya masa jikin Inna ya yi tsanani.

"Shanunta ta sayar don in zama injiniya, Yaya. Da wane ido zan kalle ta?"

Amma ya ce zai biyo ni. Na kwana a ɗakin baƙin Kawu.

KOMAWA

Ƙarfe takwas muna tasha, yana zaune kusa da ni a mota. Da ta cika, direba ya tayar, sai Sale ya buɗe ƙofa ya fita.

"Sale!"

"Ka yi haƙuri, Yaya. Sai bayan girbi."

"Ba za ta kai girbi ba!"

Bai juyo ba. Direba ya ce, "Malam, in tafi ko in jira?" Na ce ya tafi.

Bayan la'asar na iso Bebeji lafiya, na gode wa Allah, na gode wa Kawu da iyalinsa. Da na yi sallama Inna ba ni ta kalla ba, ƙofa ta kalla. Can ta ce, "Yana cin abinci kuwa?"

Na ce yana ci, har ya yi ƙiba. Ta juya fuskarta bango.