Malam Uwaisu da Ƙofar Ɗakin Inna Furera

Shekara talatin da biyu Malam Uwaisu mai fenti ya yi yana ɗaure bokiti da burushi a bayan babur da sassafe, ya bar Makoda ya nausa ƙauyuka. Bana ya ce kafaɗa ta gaji, ya ajiye aiki. Mutum ne mai nawa wajen zaɓen kala, don ba ya buɗe gwangwani sai ya zauna a ɗakin, ya duba inda taga take, ya tambayi wanda zai kwana ciki. A cewarsa, fenti mai haske yana buɗe ɗaki amma yana tona datti, mai duhu kuwa ya rufa wa datti asiri, sai dai ya ƙuntata ɗaki, sauro ya samu maɓoya. Masu gaggawa sun sha yi masa tsiya.

Bara aka kira shi gidan Inna Furera, tsohuwar da idonta ya yi rauni. Sau biyu tana faɗuwa a bakin ƙofa, har ɗanta Kamaruddeen ya ce in aka yi na uku zai tafi da ita birni. Ita kuwa ta rantse ba ta barin ɗakin da ta shekara hamsin a ciki. Kamaruddeen ya sayo farin fenti, ya ce a shafe ko'ina har ƙofa, ɗaki ya yi haske.

Malam Uwaisu ya zauna yana kallon yadda tsohuwar ke laluben bango. Can ya ce, "Alhaji, in na yi komai fari, Inna za ta ga haske amma ba za ta ga hanya ba."

Ya yi bango fari, ya zagaye ƙofa da shuɗi mai duhu, ya ja layi mai kauri a dokin ƙofa. Kamaruddeen ya ɓata rai, ya ce ɗaki ya koma ajin firamare.

Da fenti ya bushe, matan gidan na kallo Inna Furera ta tashi daga gado, ta nufi ƙofa ba ta taɓa bango ba, ta ɗaga ƙafa daidai layin ta tsallake. Kamaruddeen ya ji kunya, ya kuma ji daɗi. Har yau tana ɗakinta.

Malam, kai ne mai duba mai ɗaki kafin bango. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya ba kafaɗa lafiya. Ku kuma masu fentin yanzu, kafin ku buɗe gwangwani ku zauna tukuna, ku tambayi wa zai kwana a ɗakin.