Takardar ƙunshe ƙosai

Mu uku ne a tsakar gida ranar: ni, da ɗiyata da ta gama karatun nas a Katsina, da ƙanwata da ta zo daga Bugaje. Shekarun da aka kawo Shari'a ne. Iska na kaɗa ganyen bedi yana sauka bisa tabarma, bisa takardun da yarinyar ta baje, don jibi za ta gaban masu ɗaukar aiki. Akwai ta haihuwa, da ta makaranta mai hotonta cikin farar riga, da littafin da ta rubuta duk haihuwar da ta karɓa lokacin koyo.

Tana yanka farar takarda siri-siri, tana manne wa sunayen matan.

"Aikinki za su duba, kina rufe shi?" in ji ƙanwata.

"Aikin za su gani, Gwaggo, ba matan ba."

Ashe ta riga ta buga kwafin littafin kafin ta tuna da rufewar. Ta ware waɗannan gefe don ta ƙone, ba ta faɗa mini ba. Ni kuwa ban iya karatu ba, takarda a wurina aikinta ɗaya. Da la'asar na kwashe su na tafi bakin iyakar Nijar, inda nake suyar ƙosai.

Na sallami mutum uku. Na ukun wani direba ne ɗan Maradi. Ya cinye, ya ware takardar da mai ya jiƙa, ya ɗaga ta wajen rana, haske na ratsa ta kamar ruwan shayi. Ya harhaɗa wani suna a hankali, sannan ya ce Mazanya.

"Inna, yau ƙosanki har da suna da gari!"

Na san matar. Bazawara ce, kuma ba wanda ya ji an yi suna a gidansu. A shekarun nan, irin wannan takarda tana iya kai mace gaban alƙali.

Na fizge. "Ci na sayar maka ko karatu?"

Na biyun ɗan dako ne, na same shi yana share hannu da tasa, na karɓe. Ta farkon kuwa ta tsallaka cikin wata babbar mota mai shuɗin kai. Na tsaya ina kallon hanyar da ta miƙe cikin gero, ina ganin sunan baiwar Allah yana tafe, gari bayan gari, a bakin duk wanda ya iya karatu.

Da na gaya wa yarinyar, ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Inna, matar nan ta Mazanya riƙe hannuna ta yi, ta ce in rufa mata asiri."

Washegari bayan asuba na yafa gyale na tsallaka da ƙafa, don na san manyan motoci kan kwana a layin duwan, inda ake duba kaya a ɓangaren Nijar. Ga mai shuɗin kai, ta huɗu a layi. Na sa direban ya ɗaga kujera yana gunaguni. Takardar tana can a dunƙule, tururuwa sun rufe ta. Na ƙulle ta a bakin zane, na dawo, na haɗa ta da sauran, na hura wutar kaskona da su.