Kakana Ilu da Masarar da Ya Daina Ci

Duk wanda ya ci kasuwar Ƙaraye da damina a wancan zamanin ya san inda ake samun kakana, Malam Ilu: tsaye a kan masu gasa masara, hannu a baya, yana yi musu gyara. Kun tuna shi, dogon tsoho mai hular da ta girme ni. Da ƙuruciya ya yi fataucin goro har Gwanja, ya yi dako a Ikko, ya tafi Makka a ƙasa ta Sudan. Wasu kan dawo daga irin wannan yawo da dukiya, wasu da ilimi. Shi da labarin masara ya dawo mana garinmu Beli.

"Kai yaro, juya ta, za ka ƙona ta. A Ikko da kwakwa ake cin ta. Ibo kuwa da wani ɗan itace mai maiƙo, ɗan'uwan atili. Indiyawan Jidda lemon tsami da barkono suke goga mata. Bature ya shafa mata man shanu, ya soke ta da tsinke gefe da gefe, wai kada ya ɓata hannu. Ku kuwa sai dai ku babbake ta kamar kan akuya."

"To Baba, guda nawa za a ba ka?"

"Ni na ce maka saye na zo yi?"

Ba ya saye, kuma a shekarunsa na ƙarshe ba ya ci. Ana ta cewa haƙora ne suka ƙare. Ƙarya ne, har ya bar duniya da haƙoransa yake ɓare rake.

Yana da irin tasa masarar, 'yar zaƙi yake ce mata, wadda ya ƙullo a bakin rawani daga wata gona a Sudan. Tana saurin nuna, kuma ko ɗanya ka gatsa sai ka ce an zuba mata sukari. Dokarsa ita ce ba a karyo ta sai ruwa ya tafasa, wai zaƙinta guduwa yake yi tun daga gona. Wata rana mai unguwa ya kawo masa baƙo daga ƙaramar hukuma, mutum mai tumbi da babbar riga. Kaka ya sa aka ɗora tukunya, ya ja baƙon har fadama, ya karya ya miƙa masa.

"Yallaɓai, a guje za mu koma."

"A guje kuma, Malam?"

"In ka tsaya tafiyar manya, dusa za ka ci."

Haka muka hango su daga ƙofar gida, tsoho a gaba, yallaɓai a baya yana haki ya tattare riga.

Rowarsa a kan irin nan kuwa ba ta da magani. Ko ƙwaya ɗaya bai taɓa ba wani ba. Da maƙwabcinsa Sale ya shuka tasa masarar kusa da gonarmu, Kaka ya shiga da lauje ya fille mata fure kaf. A gaban dagaci ya ce, "Ranka ya daɗe, iska ce ke kwaso nata tana ɓata min 'ya'ya. Wa zai zuba ido a lalata masa gida?" Dagaci ya yi dariya, amma sai da ya sa shi ya biya.

Kowace kaka yakan zaɓi kawunan da suka fi kyau, ya ɗaure su da ɓawonsu, ya rataye a saman murhun kakata, Iya Hajo, don hayaƙi ya tsare su daga ƙwari. Ina tsokanarsa in ce, "Tsoho, ka fi son su da matarka." Ya ce, "Ita ai ba ta tsirowa." Iya ta jefe shi da marar tuwo, mu kwashe da dariya.

Sai shekarar farin nan ta zo, wadda ba sai na tuna muku ba. Gero ya bushe a tsaye, rumbuna suka zama ɗakin ɓera. Kafin bazara mun koma cin ganyen tafasa da dusa. Ni a lokacin ina gida wankan jegon ɗana na fari, kuma Iya takan turo min nata kason ta ce ta ƙoshi, don kada nonona ya ƙafe. Da zazzaɓi ya kama ta, bai sami jikin da zai yi kokawa da shi ba.

Wata la'asar tana kwance a inda take hangen madafa, ni kaɗai ce a gefenta da jariri, Kaka ya shigo. Ta daɗe tana kallon masarar da ke rataye, baƙa ƙirin da hayaƙi.

"Malam, ciro min kai ɗaya. A jiƙa a dafa min. Ita kawai raina ke so."

"Iri ne, Hajo."

"Ɗaya na ce."

"In na ciro ɗaya yau, gobe gidan nan kowa zai so ɗaya. Ki yi haƙuri ruwa ya sauka. Na fari da zai nuna naki ne."

Ta juya fuska bango. Na ji haushinsa ranar kamar in shaƙe shi, kuma har yau ban iya cewa bai yi gaskiya ba. Iya ta rasu kafin ruwan farko.

Da ruwa ya sauka, mutumin da bai taɓa ba da ƙwaya ba ya sauko da ɗaurin gaba ɗaya, ya ɓare, ya bi gida gida yana rabawa, har gidan Sale. 'Yar zaƙi ta nuna tun gero bai fid da kai ba, a daidai lokacin da yunwa ta fi cizo. Da yawa daga cikinku da ita kuka ga kaka. Ranar da ta gonarmu ta nuna, ya sa na ɗora ruwa, ya je ya karyo ta farko, ya dawo a hankali, ba gudu. Da ta dahu ya riƙe ta har ta huce, sannan ya miƙo min ya fita. Daga ranar masara ba ta sake shiga bakinsa ba.

Ya ƙara shekaru yana damun masu gashi a kasuwa, kuna dariya, ina dariya. A ciwonsa na ajali na je gaishe shi, na ce, "Tsoho, a duk ƙasashen da ka zaga, wa ya fi iya cin masara?" Na zaci zai ce Indiyawa. Sai ya ce, "Da na gama rabon irin nan, kai biyu suka yi saura. Ita ɗaya ta ce."

Allah ka ji ƙan Iya Hajo, ka ƙosar da ita da abin da ya fi wanda ta roƙa. Ka yafe wa Kaka Ilu, ka sada su, ka sa ta juyo ta kalle shi.