Babur Ɗin Kawu a Cikin Yashi

Jiya ina alwala a ƙofar gida wani ƙaton babur ya wuce, irin mai faɗin kai da babban tanki, yana gurnani ƙasa-ƙasa har na ji shi a ƙirjina. Nan take na tuna da marigayi Kawu, yayan mahaifiyata.

Irinsa yake hawa zuwa kasuwar shanu ta Mai'adua. Kowa a unguwarmu ya san ƙararsa, amma ba wanda ya taɓa ganin Kawu yana gudu da shi. Yakan ce, "Bijimi ba ya tsalle-tsalle, wannan aikin maraƙi ne."

Ranar da ya fara ba ni tuƙi, yana bayana, muka nufi wani ƙauye gaba da Zango. A kan kwalta sai ka ce a kujerar falo kake, ɗumin inji yana taɓa ƙwaurinka. Muna sauka cikin yashi tayar gaba ta fara rawa, nauyin ya rinjaye ni, ga kwazazzabo a gefe. Na kai hannu zan damƙe birki.

Kawu ya dafa kafaɗata. "Kada ka kama. Ƙara masa wuta kaɗan, ka dubi inda za ka."

Na ƙara. Babur ya miƙe, muka fita. Da muka isa, ya ce wa dattawan da ke gindin bishiyar bedi, "Yau ɗana ne ya kawo ni."

Ya Allah, yadda ya fitar da ni daga yashin nan, Ka ƙetarar da shi siraɗi haka, a natse.