Dangwalen da Na Yi wa Kwamishina

Shekarar da council, wato ƙaramar hukuma, ta rufe ɗakin zaman tsofaffi a unguwarmu ta Small Heath a Ingila, wai babu kuɗi, sai muka koma bayan shagon wani mai nama a Sparkbrook. Ni aji uku na yi a firamare, rabinsa ma a kan bishiyar mangwaro, amma in an zauna hira ni ne farfesa.

A nan na ba da labarin zaɓen wani lauyan garinmu, lokacin yana neman majalisar jiha. An kulle mu, mu shida, a gareji da takardun ƙuri'a, muka yi ta dangwale. Da babban yatsana ya gaji na koma sauran, har ɗan autansu. Aka yi ta dariya. Ban lura wani ɗalibi ya saita waya yana ɗaukar bidiyo ba, sai da ya yaɗu har gida.

Lauyan nan ya riga ya zama kwamishinan shari'a, yana hangen kujerar gwamna. Ɗana na fari kuwa akawu ne a ma'aikatarsa, da mata da yara huɗu.

Bayan sati biyu aka bugo: Kwamishina ya zo Manchester ganin likita, yana so mu gaisa. Na hau bas na tafi.

A wani gida na same shi a unguwar Old Trafford, ya miƙe ƙafa bisa kujera. Na tsuguna. Bai ce in tashi ba.

“Baba, ya sanyi? Ya 'yarka nas ɗin?”

“Lafiya lau, ranka ya daɗe.”

“Ya babban? Har yanzu yana ofishin fayil, hawa na biyu, ko? Ya mai ɗakinsa? Na ji ta sauka, namiji. Suna nan gidan bayan masallaci, mai koren ƙyaure?”

Tun da nake ba a taɓa gaishe ni haka ba. Babu wanda ya tsallake.

Sai ya juyo da muryar kotu. “Shekarunka nawa? Likitanka bai ce kana mantuwa ba?”

Na ce ya ce. Wallahi bai ce ba.

Wani mai kwat ya ɗaga waya zai ɗauki bidiyo. Na kalle ta na ce ni tsoho ne mai ruɗewa, ban taɓa shiga gareji ba, ƙarya ce sana'ata tun ina yaro. Wannan na ƙarshen ne kawai ban yi wahalar faɗa ba. Sau uku aka sake ɗauka, wai muryata tana rawa.

Ran Juma'a ɗana ya kira, yana ta murna. An ɗauke shi daga ofishin fayil, an mai da shi ofishin Kwamishina, teburinsa dab da ƙofa.

“Baba, ya ce kullum yana so ya riƙa ganina.”

Na ce Allah ya sanya alheri. 'Yata ce ta karɓi wayar ta kashe.