Hotuna Huɗu a Aljihun Yaya Idi

Shekara goma sha biyu ke nan cur da muka kai yayana, Idi Dillali, makwancinsa a Tsibiri. Har yau in na bi ta gaban biron ƙungiyar dillalai, wato ofishinsu, a Sabon Gari sai na kau da kai.

Yaya bai yi lakkwal ba, wato karatun boko. Ya tsufa yana dillancin filaye da gidaje a Maraɗi da kewaye, kuma yana da wata ɗabi'a da ta sha jawo masa zagi. In dai kayan tsoho ne, ba ya sayarwa sai ya je wurin mai shi sau uku, ranaku daban-daban, ya sallami 'ya'ya waje, ya tambaye shi shi kaɗai. Yakan ce tsoho ba ya iya cewa a'a a gaban ɗansa.

Haka ya yi da Inna Tabawa ta Jiratawa. Ɗanta ya zo ya ce a sayar da garkarta, lambun da take nomawa, zai maido ta birni ta huta. Zuwan farko ta ce to, na biyu ma to. A na uku ya iske ta tsugune cikin albasa, ta ɗago ta ce, "Malam Idi, in an sayar, ina zan riƙa zuwa da safe?" Ya dawo ya ce wa ɗan ba da shi ba.

Lokacin an shigo siyasar jam'iyyu, kowa da ƙungiyarsa, har masu faci. Dillalai ma suka kafa tasu, da karti mai hoto da hatimi, wai don a bambanta na ƙwarai da 'yan damfara. Yaya ya fi kowa murna, shi ya bi rumfa-rumfa yana tara mutane. Da aka zo rabon karti, sai ga sharaɗi: sai wanda ya iya karanta takardar ciniki da Faransanci. Kuma wa ya gaya wa Yaya ba zai samu ba? Sani sakatare, wanda Yaya ya koya wa auna fili da taki, wanda ya shekara biyar yana cin tuwon gidanmu. "Baba, doka ce," in ji shi, ko ɗago kai bai yi ba.

Ba a yi wata ba Sanin nan ya sayar da garkar Inna Tabawa, a zuwa ɗaya. Takarda tsaf, ga dangwalen yatsanta, ga hatimi. Na sha ganinta bayan haka a ƙofar gidan ɗanta, zaune tun safe, hannu bisa cinya. Wallahi abin nan yana ci mini rai har gobe.

Yau dillalai sun cika gari, kowa da allonsa, wani ma ya rubuta cewa ya ƙware wajen hidimar dattawa. Ni ba na faɗa da takarda, tana da ranarta. Amma da Yaya na nan, na san tambayar da zai yi musu: sau nawa kuka je, kuma wa ke cikin ɗakin?

Shi dai bai taɓa kuka da kowa ba. In na tayar da zancen sai ya yi dariya ya ce, "Bar su, Maraɗi ta san fuskata." Na ɗauka da gaske bai damu ba. Sai bayan sadakar uku, muna naɗe tufafinsa, na ji wani abu a aljihun babbar rigarsa. Ambulan ce, ta yi laushi don tsufa. A ciki ƙananan hotuna huɗu ne irin na karti, ya sa hular Sallah, ya zauna tsaf.

Ɗayansu ne kuke gani a saman shafin nan. Sauran ukun suna wurina, Sani, duk ranar da ƙungiya ta tashi buƙata.